Gwaggon Furfuri Da Basir Ɗin Gidanmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu a ƙarshen damina a ɗakinta na Furfuri, bayan gajeriyar jinya irin ta tsufa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa zama a wanda mutane ke fama da dariya kamar wannan ba. A cikin gida mata za su soma kuka, sai wata ta tuno wata magana ta Gwaggo, sai ka ji an kwashe da dariya, sannan a tuna inda ake, a toshe baki da mayafi ana istigfari. A ƙofar gida direbobin tashar Tsafe sun zo mota guda, sun cika tabarma biyu. Wani dattijo daga Bungudu, abokin mahaifina tun suna yara, ya ja ni gefe ya rage murya.

"Ciwon gidan naku ne yaɗ ɗauke ta?"

Na ce a'a, Baba, tsufa ne.

Ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi. Ashe dai ana tsuhwa a gidan nan."

Labari ɗaya kowa ke maimaitawa a kan tabarmin nan, labarin ranar da Gwaggo ta je tashar Tsafe don ta ceci ran ɗanta na fari. Wani ya ce takalmi ta cire ta bi shi da shi. Wani ya rantse cewa kwanciya ta yi a gaban mota. Ina wurin a ranar, kuma ko ɗaya ba a yi ba. Aikina karanta labarai a rediyo, an kuma koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Don haka zan rubuta yadda aka yi, kafin jikoki su gaji labarin takalmi.

Sai dai dole a fara da abin da dattijon nan ya kira ciwon gidanmu. Kakanmu na Bungudu ya rasu furfura ba ta gama fito masa ba. Ya daɗe yana ganin jini idan ya zaga, yana ramewa, aka ce basir ne, aka yi ta jiƙa masa sassaƙe. Mahaifina ma haka ya tafi, ina makarantar sakandare. Ƙanensa da ke fatauci a kudu, haka aka kawo labarinsa. Har abin ya samu suna a dangi, ana cewa basir ɗin gida. Waɗansu kuma suka ce sammu ne aka yi mana saboda wata tsohuwar rigimar gona. Gwaggo ba ta taɓa yarda da wannan ba.

"Wane irin sammu ne wanga," in ji ta, "da yas san hanyar kudu, har ya hau mota ya bi mutum? Abin nan cikinmu shike."

Daddawa take yi, kuma duk wanda ya san Furfuri ya san ba sai an nuna maka gidanta ba, hanci zai kai ka. Ba ta yi boko ba, amma rediyonta ba ya mutuwa. Idan na gama karanta labarai na zo gaishe ta, sai ta tare ni da gyara. "Kai, ɗan ƙanena, jiya na ji ka kana ta fa-fa-fa kamar Bakano. Ka tahi Gusau ka sai da harshenka, nawa anka ba ka?" Ba ta tsoron kowa. Ta taɓa tsayar da mai wa'azin kasuwa ta ce ya rage lasifika, jaririn maƙwabta na barci, ya kuwa rage. Yaran unguwa sun san idan ta zage ka da safe, da rana akwai ɗumame a ajiye dominka.

Da ciwon ya zo kanta, bai zo da hayaniya ba. Gajiya ce kawai, da hasken tafin hannu, da numfashi sama-sama idan ta ɗaga tukunyar kalwa. Na kai ta asibiti a Gusau aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka tura mu Zariya. A can aka leƙa hanjinta da wani siririn tiyo mai fitila da kyamara a kai, aka ga ƙari a babban hanji. Ciwon daji ne. Aka yi mata aiki aka yanke wurin, Allah kuma Ya sa bai bazu ba.

Likitar da ta duba ta matashiya ce mai haƙuri. Ta tambayi Gwaggo ko akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a dangi, kuma yana da shekara nawa. Gwaggo ba ta san shekarun kowa ba, amma ta san wanda ya rasu bai aurar da ɗiya ko ɗaya ba, da wanda ya bar yaro a goye. Likita ta saurara har ƙarshe, ta sa aka aika da ɗan yankin ƙarin zuwa wani wuri aka auna. Da sakamako ya dawo ta zaunar da mu ta yi mana bayani.

Ta ce bangon hanji kullum cikin sabunta kansa yake. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi umarnin da ke cikinta, a wajen kwafar kuma akan yi kuskure. Akwai ƙwayoyin gado waɗanda aikinsu gyara wannan kuskure, kowa kuma yana gadonsu biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A wasu gidaje ɗayan yakan zo da naƙasa tun daga haihuwa. Mutum yana nan lafiya ƙalau da guda ɗayan, har ranar da shi ma ya lalace a wani lungu na hanji. Daga nan kuskure ya yi ta taruwa babu mai gyarawa. Ɗan tsiron da a jikin wani zai yi shekaru masu yawa kafin ya zama ciwon daji, a jikin irin waɗannan cikin ɗan lokaci sai ya rikiɗe. Shi ya sa yake kama su da sauran ƙarfinsu.

Ni da ake biya don in iya magana, ina ta neman yadda zan sauƙaƙa wa Gwaggo wannan bayani, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗiyata, in ga ko na gane. Kowane gida masu tsintar tsakuwa cikin shinkahwa biyu ne. Mu guda anka ba mu. Ran da tay yi gyangyaɗi, sai a ci tsakuwa."

Likita ta yi dariya ta ce haka ne, kuma za ta ari wannan misali. Ta ƙara da cewa ba kowane ɗa ke gadon abin ba, ga kowane ɗa rabi da rabi ne, kuma wanda bai gada ba ba zai ba nasa 'ya'yan ba. Akwai gwajin jini da ke bambancewa, amma a lokacin yana da wuyar samu. Shawararta ita ce duk 'ya'yan Gwaggo da 'ya'yan ƙannenta a riƙa leƙa hanjinsu tun da wuri, kuma a kai a kai, ba sau ɗaya ba. Idan an ga tsiro tun yana ƙarami, a nan take ake cire shi. Matan gidan kuma su kula da mahaifa, don abin yakan taɓa can ma.

Gwaggo ta dawo Furfuri da ɗinki a ciki da aiki a gaba. Wanda ya fara tare ta shi ne Baffa, autansu, shi kaɗai ya rage a cikin maza. Ya zo da la'asar, ya ƙi zama a kan tabarma.

"Yaya, ki ruhwa muna asiri. In magana tah hita cewa ciwo na bin jininmu, wa za shi auri ɗiyanmu?"

"Ruhin asirin da munka yi ma Baba da ƙannena biyu," in ji Gwaggo, "likkahwani yaz zama. Kai kuma da kaka tsoron a rasa surukai, ka hwara neman ranka tukuna, don a samu mai karɓar gaisuwarsu."

Baffa ya fita a fusace. Har aka yi girbi ba su yi magana ba. Amma duk ranar kasuwa ƙullin daddawa na isa wurin matarsa, babu saƙo babu gaisuwa. Wata rana da safe sai ga shi a ofishinmu a Gusau yana tambayata, kamar don wani yake tambaya, ko gwajin nan da zafi. Ya je, ba a ga komai ba. Tun daga ranar ya fi kowa cika baki, har Gwaggo ta ce da ta sani da ta bar shi da fushinsa, ya fi sauƙin ji.

Kafin gwajin sai mutum ya yini bai ci tuwo ba, daga ruwa sai romo tsararo, sannan ya sha maganin wanke ciki. Gwaggo ta sa wa wannan yini suna azumin Zariya. Duk wanda layi ya zo kansa, ita ma a ranar ba ta cin komai, ko tana Furfuri shi yana Gusau. An sha gaya mata babu amfanin hakan. Ta ce ta sani, amma ba a tura mutum rijiya a saki igiya. Ni kaina an cire mini ƙananan tsiro biyu, kuma ina komawa duk lokacin da aka sa mini. 'Ya'yanta mata sun je, 'ya'yan ƙannenta sun je, wasu da kuka wasu da tsiya. Mutum ɗaya ne ya rage, kuma shi ne wanda bakin Gwaggo ba ya kaiwa gare shi.

Ɗanta na fari direba ne a tashar Tsafe, yana jigila tsakanin Tsafe da Funtua. Gwaggo 'yar tsohon zamani ce wajen kunyar ɗan fari. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa ta wajen uba, a can ya girma. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, mai sunan wancan take ce masa. Idan Direba ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya tana kallon bango, ta amsa da lahiya lau, sannan ta ce da duk wanda ke kusa, "A tambayi baƙon ko ya ci abinci." Matar da ke tsayar da mai wa'azi a kasuwa ba ta iya haɗa ido da ɗan da ta haifa. Ba rashin so ba ne. Duk daddawar da ta fi kyau gidansa take zuwa.

An aika masa ƙannensa, ya ce ya ji. An aika Baffa, ya ce sai bayan salla. Ana nan sai matarsa ta zo Furfuri a ɓoye ta gaya wa Gwaggo cewa yana ganin jini, wandunansa sun soma yi masa yawa, kuma kullum yana sayen maganin basir a wurin mai mota da lasifika a bakin tasha.

Gwaggo ta aika aka kira ni.

"Kai taubashinai ne," ta ce. "Abin da ni ba ni iya hwaɗi, kai ko zaginai kay yi, wasa ne. Tahi ka zama bakina."

Gaskiyarta. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, tsakaninmu babu kunya, tun muna yara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne. Na shirya maganata kamar zan shiga ɗakin watsa labarai, na tafi Tsafe. Na same shi a rumfar mai shayi cikin abokan aikinsa.

"Kai bawa," na ce, "an ce kana wuce tirela a kwana, amma ɗan tiyo kamar yatsa ya hana ka barci."

"A'a, ubangidanka dai, yaro," in ji shi. "Zo nan kusa jama'a su gan ka. Wanga shi ne anka leƙa. To, da anka leƙa mi anka gani? Labaran duniya?"

Rumfa ta kaure da dariya. Wani ya ce shi ya sa muryata ta ƙara siranta a rediyo. Na yi ƙoƙarin kawo misalin tsakuwa da shinkafa, Direba ya ce shi tuwon dawa yake ci. Sannan ya daina dariya ya ce duk wanda ya shekara da shekaru a kan kujerar mota yana da basir, in tambayi kowa a nan. Duk suka gyaɗa kai, har da waɗanda suka fara lissafa mini nasu. Na koma wasu lokutan, a gida da a tasha, sakamakon bai canza ba. Wasan taubashi yana buɗe kowace magana, amma kuma yana ba mutum ƙofar fita, ya ce ai wasa ne.

Da na kai wa Gwaggo rahoto na same ta tana murza kalwa. Can ta ce, "Zanen aro bai ruhe katara. Gobe ka zo da mota da sahe."

Ba ta gaya mini abin da za ta yi ba. Ta fito da mayafinta na unguwa, da buta, da 'yar tabarma a naɗe. Muka ratsa Gusau muka isa Tsafe hantsi ya ɗaga, motar Direba ce a layi, ta kusa cika. Gwaggo ta sauka ta nufi motar kai tsaye, ta buɗe gidan gaba ta zauna, ta ɗora buta a cinya. Ɗan kamasho ya rugo.

"Inna, wurin nan an kama shi."

"Wanda yak kama ya saki."

Aka je aka kira Direba. Da ya ga wadda ke zaune sai ya cire hula ya durƙusa a gefen ƙofa. Gwaggo tana kallon gaba ta gilashi, ta yi magana da ni.

"Gaya ma mai mota Zariya za ni."

Direba, kansa a ƙasa, shi ma da ni ya yi magana. "Gaya ma Inna motar nan iyakarta Funtua. In Zariya za ta, in sa yaro ya kai ta."

"Gaya mishi ba ni za a duba ba."

"Gaya mata basir ne, kuma ina shan magani."

Haka na tsaya ina tafinta tsakanin mutum biyu da hannun ɗaya zai iya taɓa ɗaya. Fasinjoji suka daina ƙorafin ɓata lokaci suka miƙa wuya. Masu tallar ƙwai da rake suka matso. Direbobin rumfar shayi suka taso da kofunansu a hannu, suna jiran a ci gaba da wasan da aka saba.

Sai Gwaggo ta juyo. Ta dube shi a fuska, abin da ban taɓa gani ba, ta kira sunansa. Ba da ƙarfi ba. Yadda ake kiran yaro a tashe shi daga barci. Ba zan rubuta sunan a nan ba, tunda ita ma sau ɗaya ta faɗe shi a duk rayuwarta.

Ya ɗago kai kamar an mare shi. Mutumin da ya aurar da 'ya, ya tsaya baki buɗe.

"Ina tsaye anka hita da ubana," in ji Gwaggo. "Ina zaune anka hita da ƙanena, guda kuma ko gawatai ban gani ba. Ba ni kallon a hita da kai. Kai za ka hita da ni. Tashi ka ta da mota."

Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa a kujerar baya ta fara sauke kayanta da kanta, sauran suka bi ta, ɗan kamasho ya mayar da su motar da ke biye ba tare da an ce masa komai ba. Direba ya goge fuska da hularsa, ya zaga ya shiga. Na bar motata a tasha na hau baya. Da muka wuce Funtua sai Gwaggo ta ce in gaya wa mai mota ya rage gudu, ba ta shirya mutuwa yau ba.

Aka ba shi rana, Gwaggo ta yi azumin Zariya tare da shi, wannan karon a ɗaki ɗaya, tana kallon bango. Da aka leƙa, abu na farko da aka gani shi ne basir, na gaske. Can ciki kuma, inda maganin bakin tasha ba zai taɓa sani ba, aka ga tsiron da ya riga ya soma rikiɗa. Aka yi masa aiki aka yanke wurin. Likita ta ce an zo a kan gaɓa, da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani.

Da ya farfaɗo aka yi masa bayani, abin da ya riƙe ke nan. Ya kama hannuna yana murmushi da ƙyar. "Bawa, ka ji ko? Basir. Ban hwaɗa muku ba?" Har yau a tashar Tsafe haka yake ba da labarin, cewa likitocin Zariya sun tabbatar da maganarsa. Sai dai duk direban da ya ce masa yana ganin jini, ba ya barinsa ya sha shayi lafiya sai ya je asibiti.

Gwaggo kuwa, daga ranar ta koma kallon bangonta. Shekarun da suka biyo baya yana zuwa ya durƙusa, ana tambayar baƙo ko ya ci abinci. Wata salla ya ce in tambaye ta ko har yanzu tana tune da sunan nan. Ta ce in gaya masa kiran sunan guda ɗaya gare ta, kuma ta kashe abinta a Tsafe.

Ranar jana'iza, da aka sallace ta aka ɗaga makara, Direba ya kama gaba ta hannun dama. Al'ada ce a riƙa karɓar juna a hanya don kowa ya samu lada. Mutane suka yi ta matsowa suna sa kafaɗa, na baya suna canzawa, na hagu suna canzawa, shi bai saki ba. Ga shi ba yaro ba, ga tsohon ɗinki a ciki, gumi ya jiƙa masa riga. Baffa ya taɓa shi ya ce ya huta haka nan. Na matsa kusa na ce, bawa, kawo in karɓe ka.

Bai dube ni ba. Ya gyara kafaɗa ya ce, "Bari. Ni anka ce."

Haka ya kai ta har bakin kabari.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da alherin kowane yinin da ta ƙi cin abinci saboda ɗayanmu. Mu da ta bari, Allah Ya ba mu tsufa irin nata, Ya sa idan tamu ta zo, 'ya'yanmu ne za su fita da mu.